Laifinmu Mun Shafa Farar Ƙasa

Talata, da hantsi

Zuwa ga jikata ta ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ni dai yau na tashi da dama-dama. Ƙafar hagu ta sake kumbura har takalmi ya ƙi shiga, kunnen kuwa sai abin da ya ƙaru. Don haka ki daina wahalar da kanki da kirana a waya, in na kara ta a kunne ji nake kamar ana magana cikin tulu. Rubutu aka koya mini, kuma hannuna bai fara rawa sosai ba. Direban motar da ke zuwa garinku ya ce zai riƙa kai miki har ƙofar ofis.

Na san zumuncinmu da ɗan nisa, kakarki da marigayiya matata 'yan wa da ƙani ne. Amma tun kina rarrafe nake kiranki amaryata, kuma ba ni da kowa a gwamnati sai ke. Saboda haka ke za ki sha faɗan.

Shekaranjiya na manna rediyo a kunnena mai ɗan ji, sai na ji wani babbanku yana cewa gwamnati ta gane shekarun farko na yaro su ne tushen komai, za a zuba jari a lafiyar ƙananan yara da renonsu da karatunsu. Ya faɗa ya maimaita, aka tafa masa. Sai yanzu kuka gane? Ni da na tsufa a kujerar hedimasta, tun ranar da yaro ya shigo aji ɗaya nake bambance wanda aka rena da wanda aka kulle a ɗaki aka tafi nema.

To ga abin da nake gani ta tagata. A tsallaken layinmu akwai gidan renon yara na hukuma, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida. Matan da ke aiki a kamfanin sabulu da masu shara a asibiti nan suke ajiye 'ya'yansu da sassafe. Silin ɗin ya yi ciki kamar zai haihu. Famfon ya bushe. Bangon bayan gida ya tsage har hannu na shiga. Nas ɗin da ke zuwa da sikeli tana awo tana allurar rigakafi an ɗauke ta, ba a turo wata ba. Mai renon, wadda duk layi ke kira Inna, ita kaɗai ke fama, da bokiti uku na tarar ruwan sama. Yanzu hukumar gari ta aiko cewa in ba a gyara ba kafin damina ta kankama, za su sa kwaɗo. Ki ji fa: su ne masu ginin, su ne suka ƙi gyarawa, su ne kuma za su rufe don ba a gyara ba!

Akwai wata yarinya a ciki, 'yar maƙwabciyata mai aikin sabulu, ba ta cika huɗu ba. Aku muke ce mata, don duk abin da ka faɗa sai ta mayar maka. In an tashi daga reno wajena take zama har uwarta ta dawo, tana jan gemuna tana ce mini "tsoho mai kunnen katako". Ubanta ya rasu. Uwar ta gaya mini ƙiri-ƙiri, ranar da aka rufe wurin nan za ta tura ta wajen kakarta can ƙauye, inda ba asibiti ba makaranta, don ba za ta iya barin aiki ba.

Ki faɗa mini, jarin nan da ake zubawa, a cikin rediyo ake zuba shi ko yana fitowa waje?

Kakanki, tsohon hedimasta.

*

Litinin

Kaka, angona na kaina,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta har sau biyu, na yi dariya na kuma ji tausayi. Duk muna lafiya, yara na gaishe ka. Ƙafar nan don Allah ka riƙa ɗora ta a kan matashi, kuma ka rage gishiri, na san halinka. Ga man shafawa nan na ba direba.

Kaka, na gane abin da ba ka faɗa ba. Zaman kaɗaici ne ke damunka, kuma laifinmu ne da muka daɗe ba mu leƙo ka ba. Ba sai ka fake da silin da famfo ba kafin ka ce kana kewar amaryarka. Ko da yake na ga alama wannan Akun ta ƙwace mini miji, zan zo mu yi ta da ita.

Game da gidan renon, gaskiya shirin da ka ji a rediyo yana nan, ba ƙarya ba ne, a ofishinmu ma ake tattara rahotanninsa. Amma ka san ni ƙaramar ma'aikaciya ce, ba na sa hannu a komai. Abin da na iya shi ne na roƙi shugabata, ta yarda an sa sunan wurinku cikin waɗanda za a je a duba. Wani jami'i zai zo muku cikin makon sama. Ka sanar da Inna su zauna da shiri.

Ka daina faɗa da rediyo, ba ta jin ka, kai ma ba ka jin ta.

Jikarka.

*

Asabar, bayan la'asar

Amaryata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki. Bayana ya riƙe, tun jiya a kwance nake, amma ciwon daɗi ne, za ki ji dalili. Man ya iso, na gode.

Da farko bari in gyara miki karatu. Na rubuta miki silin, kin karanta kewa. In ina kewarki zan rubuta "ina kewarki", na san yadda ake rubuta shi, ni na koya wa uwarki haɗa baƙi. Kada ki sake mai da maganar yara maganar tsoho.

Amma na yafe miki, don kin yi abin kirki. Kin ce mu zauna da shiri, mun kuwa zauna. A zamaninmu in aka ce sufeto zai zo makaranta, har duwatsun bakin hanya sai sun sha farar ƙasa. An koya mana cewa hukuma ba ta taimakon ƙazami. Wanda ya nuna ya riƙe ɗan abin da aka ba shi da daraja, shi ake ƙara wa. Haka na tara matan a ƙofar gidana na gaya musu. Inna ta ce, "Malam, anya ba gara a bar shi ya ga tsiyar da idonsa ba?" Na ce, "Ke Inna, baƙon gwamnati guda za ki tarba da bokiti a tsakar ɗaki? In ya ce ba mu san darajar kayan hukuma ba fa?" Ta ce, "To, kai ka yi boko."

Ki zo ki ga aiki! Matan nan daga kamfani suke dawowa a gajiye, su ɗaura ɗankwali su kama shafe. Kafintan layinmu ya tokare silin da katako, ya rufe cikin nan da ya yi da falanki, aka shafe shi fari fat. Tela ya ba da aron kujeru da labule, labulen muka rataya a kan tsagar bango. Mai wankin mota ya kafa duro a bayan katanga ya jawo tiyo ya haɗa da famfon, kina murɗawa sai ruwa. Ni kuma aka ɗauko ni da kujerata, na koya wa yara tashi tsaye su gaida baƙo baki ɗaya. Rabon da in tsaya gaban aji har na manta.

Jiya jami'in ya zo, saurayi ne mai fara'a, waya a hannu. Yara sun sha wanka da mai, kitso sabo, suka miƙe suka ce "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe!" Aku ta ƙara da nata, ta ce, "Malam ya ce kada mu kalli sama." Shi kuwa dariya kawai ya yi ya shafa kanta. Ya murɗa famfo, ya ɗauki hoto. Ya ɗauki silin, ya ɗauki kujeru. Ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Baba, duk yawon da na yi ban ga wuri mai tsafta kamar naku ba." Na ce, "Ɗana, haka muka taso." Ko zama bai yi ba, ya ce akwai wurare da yawa a gabansa.

Bayan ya tafi uwar Aku ta kawo mini shayi da burodi, ta durƙusa ta ce, "Malam, Allah ya bar mana kai." Kin ga ke nan tsohon naki bai gama amfani ba. Sai ki gaya mini yaushe masu gyara za su iso, don hadari ya fara haɗuwa da yamma.

Kakanki.

*

Laraba

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fata bayan ya saki. Ka yi haƙuri, yau ba zan iya doguwar gaisuwa ba.

Kaka, me kuka yi? Ba ka sami takardata ta biyu ba? Washegarin ranar da na aiko ta farko, na tuna halinka, na sake rubuta maka cewa kada ku taɓa komai, ko tsintsiya kada a ɗaga, a bar bokitan inda suke. Na ba direba hannu da hannu.

Jiya hotunan suka iso teburina, kafin ma takardarka. Na daɗe ina kallo ban gane wurin ba, sai da na hango ka a gefe cikin babbar riga. Tsarin shi ne, kuɗin ba za su ishi ko'ina ba, don haka ana jera wurare ne daga mafi lalacewa. Wanda ya fi muni shi ake fara gyarawa, shi ake tura wa nas da abinci. Jami'in ya rubuta cewa naku na cikin kyakkyawan yanayi, akwai ruwa, akwai kujeru, jama'a na kula da shi da kansu. An sa ku can ƙasa. Waɗanda ke ƙasa sai wani zagaye, kuma ba wanda ya san yaushe.

Na je wajen shugabata har na yi mata kuka. Ta ce hanya ɗaya ce ta rage: a sake ɗaukar hoto, ma'aikaci ne zai ɗauka ba ɗan unguwa ba, kuma dole wurin na buɗe da yara a ciki, don wanda aka riga aka rufe ana cire shi daga shirin gaba ɗaya. Ta ce in na ga zan iya, in je da kaina. Na kira hukumar garinku, sun ce Litinin ta bayan makon gobe za su sa kwaɗo.

Saboda haka zan zo ranar Juma'a ta makon gobe, in Allah ya yarda. Kafin nan ku cire duk abin da kuka sa. Falankin, labulen, tiyon, kujerun. Yara su zo yadda suke zuwa kullum. Na san zai yi maka ciwo, amma don Allah ka daure, kada ka yi gardama.

Jikarka.

*

Lahadi

Jikata,

Wa alaikumus salam. Jikin ba daɗi. Tun da na karanta takardarki ƙafar ta koma kamar turmi.

Takardun naki biyu tare direba ya kawo su. Wadda kika ce kada a taɓa komai ta kwana ta wuni a aljihun motarsa, motar kuma tana wajen bakanike. Ya yi ta ba ni haƙuri. Ban yi masa faɗa ba, shi ba gwamnati ba ne.

Ku zan yi wa. Wane irin tsari ne wannan da za a ce sai wanda ya baje tsiyarsa a titi za a duba? Matan da suka hana kansu hutu suka yi shafe su ne masu laifi, wanda ya naɗe hannu ya bar yara cikin ƙazanta shi ne ɗan gata? To me kuke koya wa mutane? Kuma wane irin mai dubawa ne zai shiga ɗaki bai ɗaga labule ba, bai ƙwanƙwasa silin ba, bai tambayi mai reno ko kalma ɗaya ba? Yarinya ƙarama ta gaya masa kada a kalli sama, bai kalla ba! Sufetonmu na da sai ya zagaya bayan aji, ya buɗe bakin yaro ya duba haƙori. Ya san mun shafa farar ƙasa domin sa, mu ma mun san ya sani, sannan ya tambaye mu abin da ke ƙarƙashinta. Naku ya zo da waya ya ɗauki fenti ya tafi. In da gaske yaran ne jarin, me ya hana ya ɗaga hannun ɗaya ya ga yadda ya rame tun da aka ɗauke nas?

Duk da haka na yi abin da kika ce. Na sake tara matan. Wallahi da in faɗi maganar nan gara a ce in haɗiye garwashi. Wata ta ce, "Wato Malam, mu da muka shafa mu za mu kankare?" Wata ta ce, "Boko ya ci mu." Inna ba ta ce ai na faɗa ba, da ma ta faɗa ɗin da na fi samun sauƙi. Uwar Aku ta dube ni ta ce, "Malam, wannan karon ka tabbata?" Na ce jikata ce da kanta za ta zo, ta gida ce, ba ta saɓa magana.

Kafinta ya ɓamɓare falankinsa yana tsaki. Da aka cire tokarar, silin ya ƙara saukowa fiye da da, har na sa Inna ta tattara yaran gefen ƙofa. Tela ya kwashe kujerunsa. Bokitai sun koma mazauninsu. Aku ta tsaya tana kallo, ta ce, "Tsoho, baƙon ya ce ba kyau ne?" Na ce, "A'a, cewa ya yi ya yi kyau da yawa." Ta yi ta maimaitawa tana tsalle, ya yi kyau da yawa, ya yi kyau da yawa.

Uwarta ta riga ta yi magana da mai motar ƙauyensu. Ta ce in aka sa kwaɗo Litinin ta bayan Juma'ar nan, Talata yarinya za ta bi shi. Juma'a fa, amaryata. Ki taho da motar farko.

Kakanki.

*

Laraba, da hantsi

Jikata,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ki. Ni ina nan, tari ya ƙaru a kan ƙafa, sanyin ranar Juma'a ne ya kama ni.

Zan ba ki rahoto, tun da ku rahoto kuke ji.

Ranar Juma'a tun da safe aka kai ni gidan reno da kujerata. An yi yayyafi, bokitai suna ta ɗiga. Yara sun zo yadda kika ce, ba wanka na musamman, ba kitso. Wata uwa ta kawo ɗanta da sabuwar riga, ni da bakina na ce ta koma ta sa masa tsohuwar. Ni, da na yi rayuwata ina duba farce da wuyan riga a layin safe! Wani yaro majina ta zubo masa, Inna ta ɗauko tsumma, na ce ta bari tukuna. Ta dube ni, na dubi ƙasa. Mata uku suka ƙi zuwa aiki don su yi miki bayani da bakinsu, an kuma yanke musu ladan ranar.

Duk motar da ta shawo kwanar layinmu sai yaran su miƙe su ce "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe!" Na hana su, sun ƙi hanuwa, na koya musu da kyau. Sun gaida mai gawayi, sun gaida mai kwasar shara. Har rana ta karkata iyaye suka fara zuwa ɗauka. Inna ce ta ƙarshe, ta goge wa yaron nan hanci, ta ce, "Malam, tashi a kai ka gida."

Wayata ta yi haske a ranar, na gani. Na ba kafinta ya saurara mini, ya ce wata murya ce ta ce an tura ki wani taro na manya a kan makomar ƙananan yara, a babban otal, kuma ba a ba ki izinin fita ba. Ban san ko haka ne ba, kunnen aro ne. In haka ne, ina fata an tafa sosai.

Litinin suka zo su biyu da kwaɗo sabo fil. Shi ne abu na farko sabo da hukuma ta kawo wa wurin nan tun da na san shi.

Jiya Aku ta tafi. Uwarta ta kawo ta sallama da kayanta a jakar leda. Ba ta ce mini komai a kan alkawarina ba, ta dai gaishe ni a tsaye. Yarinyar ta hau cinyata ta ja gemuna, ta sa bakinta cikin kunnena ta yi ihu don in ji: "Tsoho, in baƙuwar ta zo ka ce na gaishe ta, na iya!" Na ce to. Ga shi na isar.

Ki gaya wa shugabarki, a wancan zagayen da ba a san ranarsa ba, in suna neman wurin da ya fi ko'ina lalacewa, yanzu mun cancanta. Sai dai ba yaro ko ɗaya a ciki da za a ɗauka hoto.

Kada ki sake aiko man shafawa, wancan bai ƙare ba. Kujerar da na sa aka ajiye miki a bakin ƙofa tun Juma'a tana nan, na ce kada a shigar da ita ko za ki zo Asabar, ko Lahadi. Yau na ce wa kafinta ya shigar, ruwa na taɓa ta.

Ba ki zo ba.

Kakanki, tsohon hedimasta.